Mura ta kama ka? Ga yadda za ka zaɓi magani a kemis ba tare da ka cuci kanka ba

Duk wanda ya taɓa shiga kantin magani da hanci a toshe, kai na sara, ido na hawaye, ya san yadda abin yake. Kwalaye ne jere a kan kanta, wannan ja, wancan kore, kowanne na cika bakin cewa shi ne ƙarshen mura. Mutum ya gaji, so yake kawai ya samu sauƙi, sai ya fito da leda cike: ƙwayoyi, kwalbar maganin tari, garin da ake jiƙawa a ruwan zafi, ga bitamin a sama. Bayan mako guda ya miƙe garau, ya ce lallai maganin nan ya yi aiki. Alhali da bai sha komai ba ma, a cikin makon nan zai warke.

Wannan ne abin da za ka fara riƙewa kafin mu shiga matakai. A cikin duk abin da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, babu guda ɗaya da yake kashe ƙwayar cutar mura. Garkuwar jikinka ce ke yin yaƙin. Aikin maganin kemis shi ne ya rage maka wahala har a gama: ya sauke zazzaɓi, ya buɗe hanci, ya bar ka ka yi barci. Ba ƙaramin amfani ba ne wannan, amma idan ka san iyakarsa za ka sayi kaɗan, ka sha daidai, ka kuma kauce wa haɗarin da a ganina ya fi murar kanta, wato shan magani iri ɗaya sau biyu da sunaye daban-daban.

Zan rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali, domin su ne za ka nema da idonka.

Mataki na farko: wace irin mura ce?

Da kalma ɗaya muke kiran cututtuka biyu. Akwai mura ta yau da kullum, wadda ƙwayoyin bairos sama da iri 200 ke kawowa. Sannu a hankali take shigowa: maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi yau, gobe atishawa da majina, jibi hanci ya toshe, daga baya tari ya biyo. Babba ba kasafai yake yin zazzaɓi mai zafi da ita ba, kuma yana iya fita harkarsa yana jan hanci. Kwana na biyu da na uku ne suka fi tsanani, sannan ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10. Babba kan yi ta sau biyu ko uku a shekara, ƙananan yara kuwa har sau shida zuwa takwas, kuma wannan ba alamar wani ciwo ba ne.

Sai ɗayar, infuluwenza, wadda wasu ke ce wa fulu. Ita ba ta sallama. Da safe kana lafiya, kafin la'asar kana rawar sanyi, jiki ya yi zafi rau, gaɓɓai kamar an yi maka duka, ko tashi zuwa banɗaki aiki ne. Wanda ya taɓa yin ta ba ya rikita ta da mura ta yau da kullum. Ita ce mai kai mutane asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana sanadin mutuwar mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara ta hanyar cututtukan numfashi.

Korona ma tana iya zuwa da kamannin kowacce daga cikinsu, gwaji ne kaɗai ke bambancewa. Wanda kuma yake zaune a inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro, ko ya dawo daga can kwanan nan, kada ya yanke wa zazzaɓi mai zafi hukuncin cewa mura ce. A yi gwajin jini tukuna.

Mataki na biyu: ka tabbata kemis ne wurin zuwanka, ba asibiti ba

Akwai mutanen da idan alamun infuluwenza suka bayyana gare su, likita ya kamata su gani tun ranar farko: mai juna biyu da wadda ta haihu kwanan nan, tsoho mai shekara 65 zuwa sama, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 musamman wanda bai kai 2 ba, mai asma ko wani ciwon huhu, mai ciwon zuciya, ciwon suga, ciwon ƙoda, sikila, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Dalilin gaggawar shi ne infuluwenza tana da maganinta na musamman, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Likita ne ke rubuta shi, kuma ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 48 da fara ciwon. Wanda ya ɓata kwana uku yana gwada kayan kemis ya bar wannan damar ta wuce.

Idan ba ka cikin waɗannan, ci gaba.

Mataki na uku: ka faɗi abin da ya fi damunka, ka juya kwalin

Kafin ka buɗe baki a gaban mai kemis, tsaya ka tambayi kanka: me ya hana ni sakat yanzu? Ciwon kai ne? Toshewar hanci ce ta hana ni barci? Tari ne? Yawanci abu ɗaya ne ko biyu. To ka nemi maganin wannan abin kaɗai.

Kamfanoni sun fi son su sayar maka da haɗin gambiza, ƙwaya ɗaya mai sinadari uku ko huɗu: na ciwo, na hanci, na tari, na barci, wani lokaci har da kafin, sinadarin nan mai hana barci. Sauƙinsa a fili yake, ƙwaya ɗaya ka haɗiya ka huta. Aibinsa kuma shi ne kana shan maganin abin da ba ka da shi, kana ɗaukar illarsa a banza, kuma ba ka san nawa ka sha na kowanne ba.

Saboda haka ka manta da babban sunan da ke gaban kwali. Juya shi ka nemi ƙaramin rubutun da aka jera sinadaran da ke ciki da adadin miligiram na kowanne. Idan rubutun ya yi maka ƙanƙanta ko ba ka gane ba, ka ce wa mai harhaɗa maganin ya karanta maka. Ka kuma gaya masa duk wani magani da kake sha kullum, da duk ciwon da kake da shi, ko da kana ganin bai shafi mura ba. Duba ranar lalacewa. Mai ciwon suga ya tambaya ko akwai sukari a maganin ruwa, kuma a sani cewa wasu magungunan tari na ruwa akwai barasa a cikinsu, an rubuta a jiki.

Mataki na huɗu: zazzaɓi, ciwon kai da ciwon jiki

A nan zan daɗe, domin a nan ne ake yin kuskuren da ke kashe mutane.

Paracetamol shi ne zaɓin farko ga yawancin mutane. A Amurka da wasu ƙasashe acetaminophen ake rubuta masa, abu ɗaya ne. Babba yana shan miligiram 500 zuwa 1,000 a lokaci guda, wato ƙwaya ɗaya ko biyu na mai 500, ya bar aƙalla awa 4 kafin ya ƙara, kuma kada jimillar ta wuce miligiram 4,000 cikin awa 24. Ƙwaya takwas kenan, ba ƙari. Mai ciwon hanta, mai yawan shan giya, da babban da nauyinsa bai kai kilo 50 ba, nasu adadin ya gaza haka, sai su tambaya.

Yanzu mu yi lissafi. Mutum ya sha ƙwaya biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma, biyu da dare. Ya cika 4,000 ɗinsa cif. A tsakani kuma ya jiƙa garin mura sau biyu don ya ji ɗumi a maƙogwaro, bai san cewa kowane ƙunshi na iya ɗauke da paracetamol 500 ko 650 ko ma 1,000 ba. Da zai kwanta ya ƙara da cokali biyu na maganin mura na dare, shi ma da nasa a ciki. Kafin gari ya waye ya doshi 6,000 ko 7,000, kuma a ransa bai yi ganganci ba, ai magunguna uku daban-daban ya sha. Gobe ya maimaita. Garin neman gira a rasa ido kenan, saboda mura da za ta tafi da kanta a je a taɓa hanta.

Abin da ya sa wannan ya fi tsoratar da ni shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Wanda ya sha paracetamol fiye da kima yana iya jin garau a ranar farko, ko ya ji ɗan tashin zuciya kawai. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwon ciki ta ɓangaren dama da rawayar ido su bayyana, lokacin hanta ta riga ta jikkata. Akwai maganin karya dafin a asibiti, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Don haka idan ka lissafa ka ga ka zarce, ka tafi asibiti a lokacin da kwalayen a hannunka, kada ka jira ka ji wani abu.

Dabara mai sauƙi: ka ajiye takarda kusa da maganin, duk lokacin da ka sha ka rubuta ƙarfe nawa da miligiram nawa. Mai zazzaɓi mantuwa gare shi.

Ibuprofen shi ne na biyu, kuma wasu sun fi jin daɗinsa a ciwon gaɓɓai da ciwon maƙogwaro. Babba yana shan miligiram 200 zuwa 400 har sau uku a rana, kada ya wuce 1,200 ba tare da umarnin likita ba, kuma da abinci a ciki. Amma ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin tsinka jini, da wanda amai ko gudawa suka ƙarar wa da ruwan jiki, su bar shi. Wasu masu asma yana tayar musu da ita. Mai juna biyu kada ta sha sai likita ya ce, musamman daga mako na 20. Kada kuma a haɗa shi da 'yan'uwansa irin su diclofenac ko naproxen ko aspirin, gida ɗaya suke, illarsu ce kawai za ta ninku. Haɗa shi da paracetamol kuwa ba laifi ga babba, tunda aikinsu daban ne, muddin kowanne bai wuce adadinsa ba.

Aspirin kada a ba wa wanda bai kai shekara 16 ba. Ga yaro mai infuluwenza ko ƙaranbau, yana iya jawo wata cuta da ake kira Reye, wadda ke kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta. Ba ta da yawa, amma tana kisa.

Wani abu kuma: ba dole ne a bi kowane ɗumin jiki da ƙwaya ba. Zazzaɓi ɗaya ne daga makaman jiki. Idan digiri 38 ne kana iya cin abinci kana iya barci, ruwa da hutu sun isa. Wahala ake yi wa magani, ba lambar da ke jikin ma'auni ba.

Mataki na biyar: hanci

Mutane da yawa sun ɗauka majina ce ke toshe hanci. Galibi jijiyoyin jinin da ke cikin hancin ne suka kumbura suka rufe hanya, shi ya sa za ka yi ta fyacewa ba abin da ke fita, hancin kuma na nan a toshe.

Fara da ruwan gishiri na ɗigawa ko na feshi. Ba shi da illa, jariri ma ana sa masa, mai juna biyu ma haka. Idan a gida za ka haɗa na wanke hanci, da tafasasshen ruwan da ya huce za ka haɗa, ba ruwan famfo kai tsaye ba. Ka ɗaga matashin kai idan za ka kwanta. Sirace yana ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, amma kwanon tafasasshen ruwa a gaban yaro haɗarinsa ya fi amfaninsa, an sha samun ƙuna ta haka.

Idan hakan bai isa ba, akwai maganin feshi mai oxymetazoline ko xylometazoline. Cikin 'yan mintuna hanci zai buɗe kamar ba a taɓa toshe shi ba, kuma a nan tarkon yake. Ni kaina na taɓa faɗawa. Murar ta tafi tuni, amma duk dare sai hancina ya toshe, sai na fesa, kullum tazarar na raguwa, har na wayi gari ba na fita sai da kwalbar a aljihu. Kusan wata biyu na yi a haka kafin na gane cewa maganin ne da kansa ke toshe ni: da ƙarfinsa ya sake, jijiyoyin sai su kumbura fiye da da. Da na daina, sai da na yi kwanaki ina barci baki buɗe kafin hancin ya dawo daidai. A Amurka an rubuta a jikinsa kada a wuce kwana 3, a wasu ƙasashe an ba da 'yan kwanaki fiye da haka. Ni na ukun nake bi, kuma da dare kaɗai.

Na haɗiya iri biyu ne, kuma labarinsu na da ban sha'awa. Pseudoephedrine yana aiki, sai dai ba hanci kaɗai yake matse wa jijiyoyi ba, duk jiki ne. Yana ɗaga hawan jini, yana sa bugun zuciya, yana hana barci. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita su nisance shi, kowa kuma kada ya sha shi da dare. Da yake ana sarrafa shi a yi muguwar ƙwaya, ƙasashe da dama sun tsaurara sayar da shi, sai kamfanoni suka koma sa phenylephrine a madadinsa. To a watan Satumba na 2023 kwamitin ƙwararru na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ya zauna ya duba hujjoji, dukkansu suka amince cewa phenylephrine na haɗiya ba ya buɗe hanci. Hanji da hanta ne ke narkar da mafi yawansa kafin ya kai jini. A ƙarshen 2024 hukumar ta gabatar da shawarar cire shi daga jerin magungunan da aka amince da su don wannan aiki. Har yanzu yana nan cikin haɗe-haɗen mura da yawa a duniya. Idan ka gan shi a bayan kwali, ka san ba shi zai buɗe maka hanci ba.

Majina mai zuba da atishawa fa? Tsofaffin magungunan ƙaiƙayi irin su chlorpheniramine da diphenhydramine suna ɗan busar da ita a kwana ɗaya ko biyun farko, amma suna sa barci da jiri. Kada ka sha ka yi tuƙi ko ka kama injin. Tsofaffi kuma yana iya rikita musu tunani ko ya riƙe musu fitsari. Sababbin da ba sa sa barci, loratadine da cetirizine, na atishawar ƙura da furanni ne, ba su cika taɓuka komai a mura ba.

Mataki na shida: tari da maƙogwaro

Zan faɗi ra'ayina kai tsaye: a cikin duk kayan mura, kwalbar maganin tari ce kuɗin da aka fi zubarwa a banza. Dextromethorphan an yi shi ne don danne busasshen tari, guaifenesin don tsinka kaki, amma da aka gwada su amfanin da aka gani kaɗan ne. Tari mai kaki ma bai kamata a danne shi ba, shara ƙirji yake yi. Idan busasshen tari ya hana ka barci kana son gwada dextromethorphan, ba laifi, sai dai mai shan maganin ciwon damuwa ya tambayi likita tukuna, haɗuwarsu na iya yin haɗari.

Mai codeine kada ka kusance shi don tarin mura. Yana kama mutum ya zame masa jaraba, yana danne numfashi, kuma an hana ba wa yara 'yan ƙasa da shekara 12. Pholcodine kuwa an janye shi daga kasuwannin Tarayyar Turai da Birtaniya tsakanin 2022 da 2023, saboda an gano yana iya jawo mummunar matsala ga wanda aka yi wa allurar barci don tiyata daga baya.

Abin da ya fi sauƙi kuma bincike ya goyi bayansa shi ne zuma, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu kafin barci, haka nan ko a ruwan ɗumi. Sharaɗi ɗaya ne mai ƙarfi: ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye masa jiki.

Maƙogwaro kuma a kurkure shi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a tofar. Ƙwayar tsotsa na taimakawa, ko da don yawun da take kawowa ne. Man shafawa mai sanyi a ƙirji yana sa mutum ya ji kamar iska na shiga sosai, amma ba a cusa shi cikin hanci, ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2, kuma a ɓoye shi, kafur ɗin da ke ciki guba ne idan yaro ya haɗiya.

Mataki na bakwai: bitamin da sauran ƙwayoyin ƙarin lafiya

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Talla ta yi yawa a nan, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bitamin C ya yi suna a harkar mura ne ta dalilin Linus Pauling, masanin kimiyyar nan na Amurka da ya ci kyautar Nobel sau biyu, wanda a 1970 ya fitar da littafi yana cewa shan shi da yawa na maganin mura. Girman sunansa ya sa duniya ta karɓa. An shafe shekaru ana gwadawa, kuma a 2013 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen wuri ɗaya. Abin da ya fito: shan shi kullum bai hana talaka da basarake kamuwa da mura ba, sai dai ya rage tsawonta da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya, kashi 14 ga yara. A murar mako guda, wajen rabin yini kenan. Waɗanda ya kare sosai su ne masu wahalar da jiki matuƙa, kamar 'yan gudun fanfalaki da sojojin da ke atisaye cikin ƙanƙara. Fara shan shi bayan mura ta riga ta shiga, wanda shi ne abin da kusan kowa ke yi, bai nuna wani tabbataccen amfani ba. Wuce miligiram 2,000 a rana kuma yana sa gudawa, yana iya taimaka wa tsakuwar ƙoda ga mai saurin yin ta.

Zink ne ya fi kowa hujja a cikinsu, duk da ita ma ba ta gama ƙarfi ba. Nazarin Cochrane na 2024 ya ce yana iya rage kwanakin mura da kamar kwana biyu, tare da gargaɗin cewa tabbacin kaɗan ne. Wanda zai gwada, na tsotsa zai nema, ya fara cikin awa 24 da jin alamar farko, ya bi adadin da ke jikin kwali, ya tsaya idan murar ta tafi. Ɗanɗanonsa kamar ka tsotsi ƙarfe, kuma yana tayar wa wasu da zuciya, musamman da yunwa. Ba abin sha na watanni ba ne: wuce miligiram 40 a rana na dogon lokaci yana hana jiki karɓar sinadarin tagulla, daga nan sai ƙarancin jini da matsalar jijiyoyi. Yana kuma rage ƙarfin wasu antibayotik irin su ciprofloxacin da doxycycline idan an sha su lokaci ɗaya. Na sawa a hanci kuwa, a'a. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wasu magungunan hanci masu zink da ake kira Zicam bayan rahotanni sama da 130 na mutanen da suka daina jin ƙamshi da wari.

Bitamin D ba maganin murar da ta riga ta kama ka ba ne. Wani babban nazari na 2017 ya nuna yana ɗan rage kamuwa da cututtukan numfashi, kuma masu ƙarancinsa a jiki ne suka fi amfana. Kayan tsirrai irin su echinacea, elderberry da ƙwayar tafarnuwa, gwaje-gwajensu ƙanana ne ko kuma sun saɓa wa juna. Ban hana kowa ba, amma a tuna cewa a ƙasashe da yawa ba a bi irin waɗannan kaya da tsauraran gwajin da ake yi wa magani kafin a sa su a kasuwa. Kasancewar abu daga ganye yake bai sa ya zama marar illa ba, mai juna biyu da mai shan magani kullum su tambaya kafin su fara.

Yara: dokarsu daban ce

Yaro ba ƙaramin babba ba ne da za a raba masa ƙwaya biyu a ba shi rabi. Birtaniya tun 2009 ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 6 magungunan tari da mura na kemis. A Amurka hukuma ta yi gargaɗi a 2008 kan 'yan ƙasa da shekara 2, kamfanoni kuma suka rubuta a kwalayensu kada a ba wa 'yan ƙasa da shekara 4. Dalili ɗaya ne: ba a ga suna warkar da yara ba, an kuma ga suna cutar da wasu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya rage wa uwa ya isa: nono ko ruwa akai-akai, ruwan gishiri a hanci kafin shayarwa da kafin barci, zuma ga wanda ya wuce shekara ɗaya, da paracetamol na yara idan zazzaɓi ya dame shi. Da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, a bar awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce sau huɗu a awa 24. A yi amfani da sirinji ko ɗan kofin da ya zo cikin kwalin, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. A kuma duba ƙarfin ruwan maganin duk lokacin da aka sayi sabuwar kwalba, domin akwai mai kauri akwai mai tsinki, mililita biyar na wannan ba daidai yake da biyar na wancan ba.

Inda aka sayi maganin ma abin dubawa ne. A 2022 gurɓatattun magungunan ruwa na yara, masu ɗauke da sinadaran masana'antu da ke lalata ƙoda, sun yi sanadin mutuwar yara sama da 300 a Gambiya da Indonesiya da Uzbekistan. A saya a kantin da ke da rajista, a duba lambar hukuma da hatimin murfi.

Jaririn da bai kai wata 3 ba idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a kai shi nan take, ba a gwada komai a gida.

Batun antibayotik

Bakteriya suke kashewa, mura kuwa bairos ce. Ba za su rage maka ko yini ɗaya ba, sai dai su ba ka gudawa, su kuma koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinka yadda za su bijire musu ranar da kake buƙatarsu da gaske. Majina ta koma rawaya ko kore a kwana na uku ko na huɗu ba hujja ba ce, launin daga ƙwayoyin garkuwar jikinka yake fitowa.

Mataki na ƙarshe: ka sa ido a kan kwanaki

Ka riƙe ranar da ciwon ya fara. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar ya kamata ka ji ana samun sauƙi, kuma duk alamar da ta tafi ka ajiye maganinta a ranar. Ka bar kemis ka nemi likita idan numfashi ya yi wuya ko yana sauri, ƙirji na ciwo, leɓe ya canza launi, akwai jini a kaki, mutum ya rikice ko ya yi wuyar tashi daga barci, fitsari ya ɗauke, wuya ya sandare, ko zazzaɓi ya wuce kwana 3. Ga yaro a ƙara da ƙin shan nono ko ruwa, da haƙarƙari na shiga ciki idan yana numfashi. Ka fi lura da wannan: ka fara warkewa, sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi tari ya ƙaru. Ruwa ba ya tsami banza, sau da yawa namoniya ce ta biyo bayan infuluwenza, kuma a nan ne antibayotik ke da gurbi, da hannun likita.

Ɗan tarin da ke saura bayan komai ya wuce yana iya kai wa mako uku yana raguwa a hankali. Idan ya zarce haka, ko ya zo da rama da zufar dare, a je a yi gwajin tarin fuka. Mai infuluwenza ya zauna a gida har sai ya yi awa 24 ba zazzaɓi ba tare da ya sha maganin sauke shi ba, kuma idan yana cikin rukunin da muka lissafa a mataki na biyu, ya tambayi likitansa allurar rigakafinta. Duk shekara ake sabunta ta, saboda ƙwayar cutar na sauya kama.